Wurno da Karatun Haɗin Gwiwa

Ɗalibin digiri na biyu a jami'o'inmu yakan kulle kansa a ɗaki da kundinsa, yana ɓoye abin da ya gano kada abokin karatu ya riga shi. Malaman da suka kewaye Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba haka suka yi aiki ba.

A Wurno, ribaɗin da Bello ya zauna har rasuwarsa a 1837, littafi ɗaya yakan bi ta hannaye da yawa. Kusa da ƙarshen rayuwarsa ya rubuta Kitabun Nasiha da Larabci, inda ya tattaro tarihin mata salihai. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta ɗauki aikin, ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa. Ƙanensu Isa ɗan Shehu kuwa ya fassara waƙoƙinta da dama zuwa Hausa, mijinta Waziri Gidado ya tattara labaran Shehu da na Bello daga abin da ya gani da idonsa. Kowa na bitar aikin ɗan'uwansa kafin ya ɗora nasa, kuma mai fassara dole ya koma asalin nassi, abin da ɗalibi mai gaggawa yakan tsallake.

Sannan sai 'Yan Taru. Jaji, da malfarta a ka, takan jagoranci mata daga ƙauyuka su zo wurin Asma'u, su haddace waƙoƙin tare, su koma su koyar. Asma'u ta rasu a 1864, tsarin bai tsaya ba.