Takardunmu Suna Faransa, Idon 'Ya'yanmu Yana Kan Waya

Tun daga fitinar Disamban 2013, babu kalmar da ta fi yi wa matasan Kilomita Biyar ciwo kamar a kira su baƙi a garin da aka binne cibiyarsu. Da yawansu kan rasa amsa, domin ba su san tarihin zuwan kakanninsu ba.

Alhali kuwa tarihin yana nan. Faransawa sun kafa sansanin Bangui a ranar 26 ga Yuni 1889. A wannan zamani fataken Hausawa sun riga sun saba da hanyar Adamawa, daga Ngaundare zuwa kasuwar Kunde ta yammacin ƙasar nan, suna cinikin hauren giwa. A arewa, Sultan Sanusi na Darul Kuti ya yi mulki daga Ndele har Faransawa suka kashe shi a 1911. 'Yancin kai bai zo ba sai 13 ga Agusta 1960. Ashe zaman Musulmi a nan ya girmi jamhuriyar kanta.

To ina shaidar? Daga Brazzaville ake mulkin wannan yanki. Da 'yanci ya gabato, aka kwashe manyan takardun mulki zuwa Faransa, yau suna taskar Aix-en-Provence, aka bar saura a Brazzaville. An ɗora wasu hotuna da taswirori a intanet, amma da wuya yaron kasuwa ya zauna karanta rahoton gwamna da tsohon Faransanci. Gidan tarihi na Boganda ya lalace a rikicin, wasiƙun Larabci da na ajami kuma wasu sun salwanta a gudun hijira.

Hanyar kai wannan ilimi ga yara, wani ɗan ƙasa ya riga ya nuna mana ita. Didier Kassaï, haifaffen Sibut, ya zana abin da idonsa ya gani na yaƙin a littafinsa Tempête sur Bangui, wanda ya fito a 2015. Daga baya shi da ɗan jarida Marc Ellison suka yi aiki kan yaran titin Bangui, suka haɗa zane da hoto da bidiyo a intanet. Abin da aka yi wa labarin jiya, ana iya yi wa na shekara ɗari: ayarin fatake a shafi takwas ko goma, da Hausa da Sango, a tura ta WhatsApp.

Sai dai muna da sharuɗɗa biyu. Na farko, isnadi. Malamanmu ba sa karɓar ruwaya sai an faɗi wanda ya ruwaito. Haka kowane labarin zane ya ƙare da hoton takardar da aka ciro shi, da shekararta, da inda take ajiye, don yaro ya bi sawu da kansa. Na biyu, kada bakin Bature kaɗai ya yi magana. Mai cin ƙasa ne ya rubuta rahotannin nan, saboda haka a jera su da abin da dattawanmu suka haddace, ko da sun saɓa.

Dattawan suna ƙarewa. Duk mai tsohuwar wasiƙa ko takardar haraji a akwati, ya ɗauki hotonta tun yau. Allah Ya sa mu dace.