3.2 Kasuwanci da Tsarin Mulki a Birnin Benis

A wannan sashe za a dubi yadda fatauci ya haifar da tsarin mulkin Benis, birnin da aka gina a kan tsibirai a arewa maso gabashin Italiya. Da yake garin ba shi da ƙasar noma, mutanensa sun dogara ne da teku. Jiragensu kan kai katako da ƙarfe da tufafi Iskandariya da gaɓar Sham, su dawo da masoro da alharini da auduga.

Ginshiƙin wannan fatauci shi ne wata yarjejeniya da suke kira "kolleganza", wadda ta yi kama ƙwarai da ƙiradi na littattafan fiƙihu. Attajiri zai ba da jari ya zauna gida, wani kuma ya yi tafiyar. In an dawo, mai jari ya ɗauki kashi uku cikin huɗu na riba, matafiyi ya ɗauki ɗaya. In kuwa jirgi ya nitse, asarar dukiya ta mai jari ce. Ta wannan hanya ɗan talaka mai ƙwazo kan kafa gida, har zuriyarsa ta sami kujera a Babbar Majalisa.

Sai dai waɗanda suka riga suka shiga su ne suka rufe ƙofa. A shekarar 1297 aka yi dokar da ta taƙaita shiga Majalisar, zuwa 1323 kuma kujera ta zama gado. Daga baya aka keɓe hayar manyan jiragen gwamnati, masu ɗaukar kaya mafi tsada, ga waɗannan gidaje kaɗai.

Shi kansa shugaba, wato Doje, bai tsira ba. Tun daga 1268 ana bin matakai tara na ƙuri'a da zaɓe kafin a fitar da mutum 41 masu zaɓensa, don kada wani gida ya saye sarautar. Ba shi da ikon buɗe wasiƙar wata ƙasa sai a gaban mashawartansa, abin da da wuya wani sarki na wancan zamani ya lamunta. Da Doje Marino Faliyero ya ƙulla makircin kawar da attajiran a 1355, Majalisar Mutum Goma, wadda aka kafa a 1310, ta sa aka fille masa kai a cikin fadarsa. A zauren da aka jera hotunan shugabannin birnin, baƙin mayafi aka zana a gurbin nasa.