Murhun itace da jin ɗumi a yankin Jibiya

Murhun itace shi ne wurin da ake hura wuta da itace ko kara domin girki, dafa ruwan wanka da jin ɗumi. A Jibiya, ƙaramar hukuma a Jihar Katsina wadda ke kan iyakar Najeriya da Nijar, murhu ɗaya ne yake yin waɗannan ayyuka a yawancin gidaje. Wannan ya bambanta da Turai da Amurka, inda ake ƙera murhu na musamman mai bututun hayaƙi don ɗumama ɗaki kawai, irin wanda Benjamin Franklin ya ƙirƙiro a shekarun 1740.

Suna

Jam'in murhu shi ne murahu ko murhuna. Wasu suna cewa murfu, domin sautin f da h suna musanya tsakanin karin harshen Hausa. Kalmar kurfoti, wato murhun ƙarfe na gawayi, aro ce daga Turanci, ita kuwa risho, mai amfani da kananzir, daga Faransanci ta shigo.

Yanayi da samun itace

Hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta ratsa ta Jibiya. Shingen iyaka yana Magama, a ɓangaren Nijar kuma akwai Ɗan Isa. Hunturu yana kamawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15. Lokacin gajere ne, shi ya sa ba kasafai magidanci yake sayen murhu don ɗumi kaɗai ba.

Itacen da aka fi so shi ne kirya da marke, saboda suna daɗewa suna ci kuma suna barin garwashi mai ƙarfi. Sabara, kalgo da karan gero suna saurin kamawa amma suna saurin zama toka. Matsalar 'yan bindiga a dazukan yammacin Katsina da gabashin Zamfara ta sa shiga daji yin itace ya zama kasada. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da dama kan itace da gawayi. A wajen Maraɗi, tun daga 1983 manoma suka rungumi dabarar raya tohon kututture a gonakinsu, suna sassabe rassa su samu makamashi ba tare da sare bishiyar ba.

Ire-iren murhu

Murhun duwatsu uku shi ne mafi daɗewa. Ba ya cin kuɗi, yana ɗaukar kowace irin tukunya, kuma da yake a buɗe yake, iyali suna kewaye shi su ji ɗumi. Aibinsa shi ne ɓarnar itace, domin kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin ne kawai yake shiga tukunya.

Murhun laka ana gina shi ne da yumɓu a kewaye tukunya, a bar ƙofa ɗaya ta tura itace. A Nijar akwai irinsa da ake kira Albarka, da kuma na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda aka yaɗa tun shekarun 1980. A Najeriya ƙungiyar DARE ta Kaduna da atmosfair ta Jamus sun yaɗa murhun Save80, wanda sunansa ya samo asali daga iƙirarin rage itace da kashi 80 cikin ɗari. Murhun Abacha kuwa ya yi suna ne lokacin ƙarancin kananzir a shekarun 1990.

Na jin ɗumi zalla shi ne kasko. Ana kwaso garwashi daga murhu bayan an gama tuwon dare, a zuba a ciki a kai ɗaki. Akwai kuma gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, wanda masu jego suka fi amfani da shi a da. Likitoci a Zariya a shekarun 1970 sun danganta shi, tare da wankan jego da kunun kanwa, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Abin lura wajen zaɓe

Murhun da ya fi tattalin itace ba lallai ne ya fi ɗumama mutane ba. An ƙera shi ne don ya tura zafi cikin tukunya, don haka kaɗan ne yake fita gefe. Wannan na cikin dalilan da suke sa wasu gidaje su koma wa duwatsu uku da zarar sanyi ya shigo. Murhun laka yana tsaka-tsaki: jikinsa yana shan zafi a hankali, yana kuma ci gaba da fitar da shi bayan wuta ta mutu. Na ƙarfe yana saurin zafi, yana saurin hucewa, kuma yakan ƙona yaro idan ya taɓa.

Girman tukunya ma abin dubawa ne. Gida mai mutum goma sha biyar da ke tuƙa tuwo a babbar tukunya yana bukatar murhu mai gindin zama wanda ba zai kife ba idan ana juya muciya. Wasu murahun zamani ba sa cin itace sai an faskara shi ƙanana, aikin da ba kowace uwargida ke da lokacinsa ba. Kowane murhu aka zaɓa, ɗanyen itace yana ɓata aikinsa, domin kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma hayaƙinsa ya fi wutarsa yawa.

Haɗari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa.

Haɗarin kasko ya fi ɓoyuwa. Garwashi da gawayi suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, ko da babu hayaƙin da ido ke gani. Idan aka rufe ƙofa da taga aka kwanta, tana taruwa ta hana jini ɗaukar iskar numfashi. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, amma mai barci yakan suma bai farka ba. Shawarar ma'aikatan lafiya ita ce a bar taga a buɗe muddin akwai wuta a ɗaki, a fitar da kasko kafin a kwanta, a kuma nisanta shi da katifa, labule da gidan sauro. Wanda ya nuna alamun a fitar da shi sarari nan take, a kai shi asibiti.