Daga Dutsen Niƙa Zuwa Faifan Masu Walda

Jama'a, duk wanda ya bi ta Kpakungu ko Tunga ya san ƙarar injin goge ƙarfe da tartsatsin da yake fesawa. Faifan da ke juyawa a bakin injin, yaranmu masu walda suna kiransa dutse. Sunan yana da asali.

Iyayenmu da maƙwabtanmu Gwari sun daɗe suna amfani da duwatsun ƙasar nan wajen niƙa da wasa wuƙa. Sun san cewa dutsen niƙa idan ya yi sulɓi ba ya cin hatsi, sai an sassare fuskarsa ta yi kaushi. Da layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa Minna, ya isa Kano a 1911, aikin ƙarfen zamani ya shigo gari, dutsen gida ya kasa masa.

A lokacin an riga an fara ƙera dutse a masana'anta. A 1891 Edward Acheson a Amurka ya haɗa yumɓu da gawayi a wutar lantarki, ya samo tsakuwa mai tsananin tauri da ya kira Carborundum. A 1907 Leo Baekeland ya ƙirƙiro ƙaron roba mai suna Bakelite, wanda idan ya gasu ba ya sake narkewa. Daga baya aka riƙa gauraya tsakuwar da irin wannan ƙaro, a danne a mazubi, a gasa. Faifan yau har ragar zaren gilashi ake sa masa don ƙarfi.

Da gangan ake barin ƙananan ƙofofi a jikinsa. Nan garin ƙarfe ke samun mafita, iska ta rage zafi. Tsakuwar da ta dakushe ta faɗi, sabuwa ta fito. Saran da kakanninmu ke yi da hannu, faifan yana yi wa kansa.

Sai dai ƙaro yana tsufa, damshi kuma yana raunana shi. Shi ya sa masana'antu ke buga ranar ƙarewar wa'adi a zoben tsakiya. Ƙaramin inji yana juyawa fiye da sau 10,000 a minti, faifan da ya tarwatse kan tafi da ido ko yatsa.

Don haka muna kira ga iyayen gida masu shago: a duba wa'adi kafin a saya, a raba faifai da lemar damina, kada a cire murfin inji, a ba almajiran sana'a tabarau. Allah ya tsare mana yaranmu.