Ranin da Ya Ɓace wa Kogin Haɗeja

Kogin Haɗeja ba mai gaggawa ba ne. Idan ya baro ƙasar Kano ya wuce garin Haɗeja, sai ya tarar da tsofaffin tuddan rairayi sun yi masa shinge, ya rarrabu hannu-hannu, ya bazu cikin fadamu, har ya haɗu da ruwan kogin Jama'are mai gangarowa daga tsaunukan Jos. Daga nan su zama Komadugu Yobe, su bi ta Gashuwa da Gaidam zuwa Tafkin Cadi.

Kafin shekarun 1970, ruwa ne ke raba wa mutanen yankin aiki. Ambaliya takan iso wajen Agusta da Satumba, kuma a shekarar albarka takan shafe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Manomi ya riga ya shuka shinkafa yana jiran ta. Idan ta fara janyewa, ya bi danshin da wake. Masunta, Badawa da Hausawa, su tare kifi a bakin tafkuna, Fulani kuma su gangaro da shanu sa'ad da ciyawar tudu ta ƙare. Ga kaba ta saƙar tabarma, ga kanwa. Sannan rani ya zo, kogi ya ƙafe har a taka yashinsa da ƙafa, ciyawar ruwa ta bushe, shanu su ci, wuta ta lashe saura. Da sabon ruwa ya sauko da ƙarfinsa, sai ya kwashe rairayin da ya taru a hanya. Ba wanda ake biya kuɗin yasa.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano don noman rani a Kadawa da Kura da kuma ruwan sha. A 1992 ta Calawa ta biyo baya. Ambaliya ta ragu ƙwarai, ga fari ya haɗu da ita, har filin da ruwa ke shafewa ya koma ƙasa da rabin na da. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi a farkon shekarun 1990, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani, a kifi da amfanin gona da itace, bisa wanda aka karkatar zuwa manyan gonakin ban-ruwa. An karanta, an ajiye.

Ɓarnar da ta fi daɗewa kuwa ta fito ne ta inda ba a zata ba. Madatsun sun riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan har da rani, kogin da ya saba ƙafewa ya daina. Ruwa marar zurfi, marar gudu, shekara cur: abin da ciyawar kacalla ke nema ke nan. Ta fi mutum tsawo, saiwarta kuma tana kama laka, lakar ta zama tudu, tudun ya haifi wata kacallar. Tsohon hannun kogin Haɗeja da hannun Burum Gana suka toshe, ruwa ya juya akalarsa zuwa hannun Marma, ya tuɗaɗa cikin tafkin Nguru. Gonakin Guri da na kewayen Nguru suka nutse, hanyar mota tsakanin Haɗeja da Nguru ta sha yankewa, alhali na ƙasa wajen Gashuwa suna kukan rashin ruwa. Kwalekwale ya kasa ratsawa, koma ta kasa shiga. Tsuntsun jan-baki ya samu masauki a cikin duhuwar, yana fita da safe ya far wa gero da shinkafa.

Masu kula da muhalli sun shigo tun 1987 da shirin kiyaye fadamun, galibi saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a wurare irin Dagona. A 2000 tafkin Nguru da hannun Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin yarjejeniyar Ramsar. Takarda dai ba ta yanke ciyawa. Mutanen ƙauyuka ne suka shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, ta hanyar gayya, suna buɗe Burum Gana, daga baya wani shiri mai tallafin Birtaniya ya dafa musu. A 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauci da Filato, suka hallara a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da kogin gaba ɗaya.

Bayan ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa, gwamnatin Jigawa ta sayo injinan tono masu aiki a kan ruwa, aka yashe wani sashe na kogin. Ruwa ya samu hanya. Sai dai inji na cire kacalla ne kawai, ba ya dawo da rani, kuma wannan yana hannun masu buɗe ƙofofin Tiga da Calawa, wato Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke Kano.