Abincin Kunkuru Daga Ƙuruciya Zuwa Girma

Babban kunkurun da ake ajiyewa a gidajen Nassarawa GRA a Kano, irin na yankin Sahel ne, mai suna Centrochelys sulcata a kimiyyance. Ana ƙyanƙyashe shi bai cika tafin hannu ba, amma namiji kan wuce kilo 50, ya kuma rayu fiye da shekara 50.

Asalinsa mai kiwon ciyawa ne, kamar tunkiya. Yana ƙarami, a ba shi ɗanyar ciyawa mai laushi kullum, irin su harkiya da kyasuwa, a yayyanka, a haɗa da ganyen rama ko zogale kaɗan. A barbaɗa dakakken ɓawon ƙwai sau biyu a mako don ƙashi, a riƙa tsoma shi a ruwa marar zurfi, kuma ya samu rana.

Yayin da yake girma, sai a rage ganyen miya, ciyawa ta zama mafi yawan abincinsa. Tun da wuri a fara cuɗa busasshiya da ɗanya, in ba haka ba da rani zai ƙi ta.

Inda aka fi kuskure shi ne ragowar tuwo, shinkafa da abincin kaji. Yana ci, ba ya ƙi, shi ya sa masu gida ke ganin lafiya lau. Amma abinci mai gina jiki da yawa na sa shi girma da gaggawa, ƙoƙon baya ya yi tudu-tudu, ƙoda ta wahala. Harawar wake da ta gyaɗa ma haka, a ba shi kaɗan. Kankana kuwa, sai jefi-jefi, don tana kawo zawo.