Motar Kara da Motar Gwangwani: Tarihin Ƙirar Yara a Nyanya

Tun kafin kayan wasa na roba su cika kasuwa, yaran ƙasar Hausa da kansu suke ƙera abin wasansu, kuma ba sa gamsuwa sai abin ya motsa. Mafi daɗewa ita ce motar kara. Bayan an yi girbin dawa, yaro zai feƙe ɓawon kara, ya yanka totuwar ciki gunduwa-gunduwa, ya riƙa soka ɓawon a jikinta har ya tayar da akori-kura ko babur, ba ƙusa, ba danƙo. Taya kan fito daga fasasshiyar ƙwarya.

Kayan aikin sun bi sauyin zamani sawu da ƙafa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka kawo kananzir da madara da kifi a gwangwani, diloli kuma suka zo ɗaure da langa-langa. Manya suka mayar da gwangwani fitilar aci-balbal da mazurari da ma'auni, yara suka kwashe ragowar. Daga nan aka samu motar langa-langa da motar gwangwani, daga baya ta waya, wadda ta fi su duka wuyar haɗi: dogon sitiyari ne ke tasowa har ƙugun mai ita, idan ya murza, tayoyin gaba su juya tare. Wanda ya iya wannan ya gane aikin sitiyarin mota na gaske, ko da bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba.

Nyanya ta samu wannan al'ada ne ta hannun baƙi. Yankin na Gbagyi ne tun asali, a kan hanyar Keffi, dab da Mararaba ta jihar Nasarawa. Bayan dokar kafa Abuja ta 1976, garin ya zama masaukin ma'aikata da leburorin da suka gina birnin, ya ƙara cika bayan gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991. Gonar dawa ta yi ta ja da baya, amma garin da ke rayuwa da gine-gine da garejoji ba ya rasa guntun waya, kwalin sukari, murfin kwalba da tsohon silifas, wanda ake yankawa a yi taya. Da robar tsohon tiyub ake ɗaure komai. Masu zurfin dabara kan ciro ƙaramin injin rediyon kaset su haɗa da batir, fanka ta juya, ƙwan tocila ya zama fitilar gaba.

Babu makarantar koyon wannan. Ƙane yana riƙe wa yayansa waya, yana kallo, wata rana a bar masa lanƙwasa taya. Iyaye kuwa sau da yawa faɗa suke yi, saboda yankan gwangwani da tara shirgi a ɗaki. A Turai da Amurka, gidajen tarihi ne ke shirya wa iyaye da 'ya'yansu zaman koyon irin wannan ƙira, suna jingina shi ga Alexander Calder, wanda ya fara haɗa 'yan wasansa masu motsi da waya da tsumma a Faris a 1926. A nan, abin bai samu wannan daraja ba sai idan ya girma ya ba da mamaki, kamar jirgi mai saukar ungulu da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa a Kano da injin tsohuwar Honda, labarinsa ya bazu a 2007.

Ana yawan ɗora laifin raguwar wannan ƙira kan wayar salula da kayan wasa masu araha na Chaina, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai akwai dalilin da ba a cika ambata ba: shara ta yi kuɗi. Gwangwani da waya da robar da yaro ke tsinta kyauta yanzu 'yan jari bola ne ke riga shi, su kai wa 'yan gwangwan a auna a kan sikeli. Cinikin ya bunƙasa har ya gauraya da satar murafen kwalbati da wayoyin lantarki, abin da ya sa a Janairun 2025 hukumar Babban Birnin Tarayya ta haramta yawon jari bola a unguwanni, ta kuma rufe kasuwannin panteka na tsawon mako biyu domin tantance masu sana'ar.